Baba Kunne da Na'urar Wanke Kwanuka

"Karanta min abin da ta rubuta," in ji Baba Kunne daga cikin wayar.

Na durƙusa gaban na'urar wanke kwanukan, na leƙa ɗan gilashin da ke goshinta. Jajayen lambobi suna ta ƙiftawa. Daga can ƙasa famfonta mai tura ruwa yana gurnani ba tsayawa, ga shi kuwa ƙofarta a buɗe take, babu abin da take wankewa.

"E sha biyar," na ce.

Numfashinsa nake ji, yana fita da ƙyar kamar ana jan buhu a kan siminti.

"To, Injiniya. Me littafinku ya ce?"

"Ruwa ya taru a tiren ƙasa. Ɗan farin abin nan da ke iyo a ciki ya taso ya taɓa makunni, ita kuma ta rufe ruwan shiga. Ba za ta sake wanki ba sai an gano inda take yoyo."

"Kin ci jarrabawa," ya ce. Tari ya sarƙe shi.

Manajan gidan abincin yana tsaye a kaina, hannu a ƙugu. Ya dubi jakar kayan aikin da na ajiye, ya dubi takalmina, ya dubi mayafin da na ɗaure tamau a ƙugu don kada ya shiga min aiki.

"Wai da gaske ke ya turo?"

"Ni ya turo."

"Ikon Allah. Duk garin nan an rasa namiji."

"Akwai maza da yawa, ranka ya daɗe. Ga ka nan ma. Ka gyara ta mana."

Kuku, wata ƙatuwar mata da ke yanka albasa a gefe, ta saki dariya sannan ta mayar da ita tari. Fuskar Manaja ta haɗe. Ya sunkuyo kusa da wayar da na ɗora a kan teburi, don ya san a buɗe lasifikarta take.

"Baba, kana ji na? Sau bakwai ke nan cikin wata guda. Ka zo ka ce ka gyara, bayan kwana uku ta koma gidan jiya. Yau mutum sittin za su ci abincin rana a nan, ga kwanukan safe jibge. In ƙarfe ɗaya ta buga ba ta tashi ba, 'yan gwangwan za su zo su ɗauke ta. Kuma wallahi duk masu shago a layin nan sai sun ji daga bakina cewa yaudarar mutane kake yi da sunan gyara."

Agogon bangon kicin ya nuna goma da minti ashirin.

Baba Kunne maƙwabcinmu ne. Ƙofarsu tana kallon tamu a bene na biyu, taku huɗu tsakani. Shekara talatin da wani abu yana gyaran injin wanki, firji da na'urar wanke kwanuka, kuma babu shago ko gidan abinci a layin da bai taɓa durƙusawa a cikinsa ba. Bai yi boko ba. Yakan ɗora bakin doguwar sukurudireba a jikin inji, ya manna ƙotarta a kunnensa, ya lumshe ido, sai ya faɗa maka abin da ke damunsa. Daga nan sunan ya samo asali.

Ni kuwa shekara uku na yi a kwalejin fasaha ina karantar lantarki, ni kaɗai ce mace a ajinmu, kuma ni na zo ta biyu. Na ɗauki takardata na zaga wuraren gyara goma sha ɗaya. Wani ya ce in zo in riƙa amsa waya. Wani ya tambaye ni ko zan iya ɗaga batir. Na ɗaga a gabansa, na dire masa a kan teburi, ya ce zai neme ni. Har yau yana nema. Na dawo na zauna a barandar Mama ina gyaran fanka da dutsen guga, matan gidan suna wucewa suna cewa, "Sannu da aiki, mai digirin fanka." Ban taɓa sunkuyar da kai ba, kuma ban taɓa barin wata ta ga hawayena ba.

Bara ne na yi abin da na yi. Na tarar da Baba Kunne a kan matakala da kunnensa a jikin firjin wani, mutane sun kewaye shi suna jira. Zafin zuciyata na ranar ya kwashe ni, na ce da ƙarfi, "Wannan ai canki-canka ne, ba gyara ba. Akwai mita, akwai littafi." Ya buɗe ido ya dube ni. Tun daga ranar ya daina kirana 'yar nan, ya koma kirana Injiniya, kuma gaisuwa ce kawai ta rage tsakaninmu.

Makon jiya aka sallamo shi daga asibiti. Likita ya ce zuciyar ta gaji, ruwa yana taruwa a ƙirji. A zaune yake barci, an jingina shi da matasai uku. Yau da safe matarsa, wadda duk gidan muke kira Gwaggo, ta ƙwanƙwasa mana ƙofa rungume da jakar kayan aikinsa.

"Ya ce ki je ki duba Tsohuwa," ta ce. Haka yake kiran na'urar gidan abincin. "Ya yunƙura zai tafi da kansa, ƙafa ta ƙi."

Da Manaja ya fita, na zare wayar wuta daga soket, na rufe famfon ruwa da ke ƙarƙashin sinki. Gurnanin ya tsaya. Na kunna tocila zan kwance murfin ƙasa, sai idona ya faɗa kan tayil. Akwai karce-karce a gaban ƙafafunta biyu na gaba, sababbi a kan tsofaffi, duk wuri ɗaya. A lungun bango kuma ga wani guntun katako na tokare ta an ɓoye.

Na san wannan. Duk mai gyara ya sani. In ka jawo na'ura ka karkata ta gaba, ruwan tiren zai kwarara ƙasa, farin abin ya sauka, lambar ta ɓace. Za ta yi wanki kwana biyu ko uku kafin tiren ya sake cika. Ba gyara ba ne, rufe bakin na'ura ne.

Na ɗago na dubi Kuku. Ta ajiye wuƙa, ta leƙa ƙofa, ta matso.

"Kada ki faɗa wa wancan," ta ce ƙasa-ƙasa. "Baba yakan jira sai Manaja ya tafi kasuwa. Ni nake kama masa mu karkata ta, in goge ruwan. In mun gama sai ya zauna a kan tukunyar gas ɗin can, minti goma ba ya iya magana. Rantsar da ni ya yi."

Na ɗauki wayar, na kashe lasifika, na fita ta ƙofar baya inda ake ajiye kwandunan shara.

"Baba. Karkata ta kake yi."

"Ni ne."

"Wata guda cur."

"Da kwana shida."

"Kai? Kai da ka kori mutum daga gidanmu don ya ɗaure waya da leda?"

Ya daɗe kafin ya tara iskar amsawa. "Aikin na kwanciya ne. In na kwanta a ƙasa... ruwan nan ya taso min har wuya. Na gwada sau ɗaya. Kuku ce ta ɗaga ni."

"Me ya hana ka faɗa min? Taku huɗu ne tsakaninmu!"

"In zo in ce me? Mai canki-canka ya kasa?"

Maganar ta same ni a inda ya kamata. Na tsaya ina kallon ƙudaje a kan shara.

Sai na ji an karɓe wayar. Gwaggo ce. "'Yar nan, leɓensa ya canza kala. Ya ƙi a mayar da shi asibiti, ya ce a gadonsa zai zauna. Ɗanmu yana hanya, amma ba zai iso ba sai yamma, Mamanki kuma ta fita. Ni kaɗai ce. In da hali ki taho."

Na yi lissafi a tsaye. Minti biyar in karkata ta, lambar ta ɓace, Manaja ya ga tana wanki ya yi shiru. Minti goma sha biyar in kai gida. Bayan kwana uku ta sake cika, amma kwana uku ai wani abu ne.

"Gwaggo, ga ni nan. Zan karkata ta kawai, gobe in dawo in yi aikin."

Ashe yana ji. Muryarsa ta fito daga nesa, amma kowace kalma ta iso.

"In kin karkata ta, kada ki shigo min ɗaki."

"Baba..."

"Na yi ƙarya sau bakwai. Ba za a yi ta takwas da jakata ba."

"To faɗa min inda take yoyo, in gama da wuri. Ai ka sani."

"Ki nemo da idonki. In na faɗa miki yau, gobe wa zai faɗa miki?"

Tari ya sake turnuƙe shi, mai tsawo, na ji Gwaggo tana salati tana bubbuga bayansa. Wayar ta katse.

Na koma kicin ina jin haushinsa kamar in fashe. Sukurori huɗu ne ke riƙe da murfin ƙasa. Uku suka fito salin-alin, na huɗun ya yi tsatsa, sai da na ɗiga masa mai na lallaɓa shi. Na zuba su a aljihu. Tiren cike yake da ruwa mai maiƙo da wari. Na tsane shi da soso, Kuku tana miƙo min tsumma, har ya bushe ƙarau.

Na bi littafi tiryan-tiryan. Robar bakin ƙofa lafiya lau, babu tsaga. Tiyon shigar ruwa a bushe. Na cire matatar datti na wanke, na duba hannuwan nan masu juyawa suna fesa ruwa, babu wanda ya fashe. Na haska duk inda tocila za ta kai. Komai ya yi danshi iri ɗaya, babu inda ya ce ga ni. Mitata tana cikin jaka, amma mita ba ta ganin ruwa.

Sha ɗaya da rabi Manaja ya leƙo.

"Yaya, Malama? Ko in kira 'yan gwangwan tun yanzu, kada su yi nisa?"

"Ka ce ƙarfe ɗaya. Agogonka ne ya lalace shi ma, a duba maka?"

Ya fita yana ƙunƙuni. Na kira Gwaggo, ba ta ɗauka ba.

A nan na tuna wani abu da na taɓa gani ta ƙofar maƙwabta, har na yi dariya a raina. Baba Kunne ya shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashin injin wanki, ya kunna shi, ya zauna yana shan shayi kamar wanda ba shi da aiki.

"Anti, akwai takarda? Babba, busasshiya."

Kuku ta yage buhun fulawa na takarda, ta kakkaɓe shi. Na zura shi a cikin tiren, na baje shi har bango. Na buɗe ruwa, na mayar da wuta, na zaɓi gajeren wanki. Lambar ba ta dawo ba tunda tiren a bushe yake. Na kwanta rubda ciki a kan tayil mai sanyi, kumatuna a ƙasa, tocila a hannu, ban bar ko yatsa ya shiga ciki ba tunda akwai wuta.

Ruwa ya shiga. Famfo ya ɗauka. Minti uku, babu komai. Minti biyar, babu komai. Na ji takun Manaja ya tsaya kusa da ƙafata.

"Subhanallahi. 'Ya mace kwance a ƙasa kamar kadangare. Iyayenki sun san abin da kike yi?"

"Su suka kai ni makarantar. Matsa, kana tare min haske."

A minti na bakwai, da ruwan ya ɗauki zafi, na ga wani ɗan baƙin ɗigo ya bayyana a kan takardar, can baya ta hagu. Ya faɗaɗa ya kai girman kwabo. Wani ya biyo shi. Na ɗaga hasken a hankali na bi sama. Wani gajeren baƙin tiyo ne da ya fito daga famfo, zoben ƙarfen da ke matse bakinsa ya ci tsatsa, kuma a ƙarƙashin zoben robar ta tsage kamar tsagar dunduniya. In ruwan da sanyi tsagar a rufe take. Sai ya yi zafi take buɗewa.

"Na gan ki," na ce.

Murnar ba ta kai minti ɗaya ba. Na kashe komai na zauna a ƙasa. Irin wannan tiyon mai lanƙwasa ba a samun sa sai a shagunan kayan gyara na can ƙetaren gari, minti arba'in zuwa, arba'in dawowa, in ma akwai. Sha biyu da minti biyar.

Na juye jakar Baba Kunne a kan tayil, ina neman ko da roba ce ko waya in ɗaure na wucin gadi, ina jin kunyar abin tun ban yi ba. Filaya, sifana, doguwar sukurudirebar nan, tsumma, guntun sabulu. Daga aljihun gefe wani ƙunshi ya faɗo, an naɗe shi a farar takardar da ake zuba magani a asibiti. Na warware.

Baƙin tiyo ne sabo fil, da lanƙwasarsa daidai, da zobba biyu masu ƙyalli.

Kuku ta leƙo ta kafaɗata. "Tun yaushe yake yawo da wannan?"

Wata guda da kwana shida yana hawa da sauka da shi a jaka, yana wuce ƙofarmu, yana gaishe ni, "Injiniya, ina kwana."

"Anti, kama min. Kwantar da ita za mu yi."

Muka fitar da kwandunan ciki, muka jawo ta waje. Nauyinta ya fi ƙarfinmu mu biyu, ta fara zame wa Kuku. Na daka wa Manaja tsawa ba tare da na tuna ko shi wane ne ba. "Kai, riƙe can!" Ya riƙe. Muka kwantar da ita da baya a kan buhunan da aka shimfiɗa. Tsohon zoben ya ƙi buɗewa, filaya ta kuɓuce, bayan yatsuna ya daki ƙarfe. Jini ya fito. Na naɗe da tsumma na ci gaba. Tsohon tiyon ya fito yana marmashewa. Na goge bakin famfon, na shafa wa sabon ɗan sabulu ya shige, na matse zobban biyu har sai da na ji sun zauna.

Sha biyu da minti talatin da biyar muka tayar da ita, na tura ta cikin gurbinta da gwiwa da sauri. Na shimfiɗa sabuwar takarda, na buɗe ruwa, na kunna. Na sake kiran Gwaggo. Wannan karon ta ɗauka.

"Yana nan?"

"Yana nan. Magana ce ta yi wuya."

"Sa masa wayar a kunne."

Na ɗora tawa wayar a kan na'urar. Kicin ɗin ya yi tsit, har wani mai yanka nama a can gefe ya dakata. Ruwa ya shiga, hannuwan suka fara juyawa, shaa, shaa, shaa. Na koma ƙasa da tocila. Minti bakwai, takarda a bushe. Minti goma, ƙofar ta ɗau zafi, takarda a bushe. Minti goma sha uku, ko ɗigo.

Lokacin fitar da ruwa ya yi. Famfo ya yi wani irin kuka, ya yi, ya yi, sai ta yi ƙara sau uku ta tsaya. Na miƙe. Jajayen lambobi.

E ashirin da huɗu.

"Wata sabuwa!" in ji Manaja. Ya zaro wayarsa. "Saura minti takwas. Na gode, Malama, kin yi ƙoƙari."

E ashirin da huɗu, ruwa ya ƙi fita. Littafi ya ba da dalilai uku: matata ta toshe, wani abu ya maƙale a famfon fitarwa, ko tiyon baya. Na fara daga na farko kamar yadda aka koya min, na kai hannu zan buɗe ƙofa in kwashe ruwan zafin nan da kofi. Wannan kaɗai zai ci minti goma.

"'Yar nan!" Muryar Gwaggo ce daga wayar. "Tsaya, yana magana. Me ka ce? Ya ce... ya ce shaƙe ta kika yi. Wai ki duba bayanta."

Na kama gefenta na jawo ta waje kamar taƙi ɗaya, na zura kai ta saman teburi da tocila. Tiyon fitar da ruwa ya naɗe gida biyu tsakanin bayanta da bango. Ni na matse shi da na tura ta da gwiwa. Na zura hannu na warware shi, na ɗaga shi na rataye a maƙalinsa. Na kashe ta, na ƙirga goma, na kunna.

Famfo ya ɗauka. Sai muka ji ruwa ya kwarara cikin bututun sinki, ƙululu, ƙululu, har ya ƙare. Gilashin ya nuna sifili. Babu E ko ɗaya.

Kuku ta ɗaga hannu biyu sama da wuƙarta. Na jawo takardar daga ƙasa na miƙa wa Manaja, a bushe kamar yadda aka yage ta. Saura minti uku.

"Ba laifi," ya ce. "Kin iya."

"Ba ni ba ce. Shi ya gano ciwon, shi ya sayo kayan, tun kafin ka san akwai ni. Jikinsa ne ya hana shi kwanciya a ƙasa, ni hannu kawai na ara masa. Ta waya ya ji abin da ni da nake tsaye a kanta ban gani ba." Na ɗauki wayar na miƙa masa. "A gabansa ka faɗi waccan maganar. Faɗi wannan ma a gabansa."

Ya dube ni, ya dubi tsumman da ke hannuna da ya rine, ya karɓa.

"Baba," ya ce. Ya yi gyaran murya. "Tsohuwa ta tashi. Bakina ya yi kaushi ɗazu. Ka yafe ni. Babu wanda zai ji komai a layin nan sai alheri."

Sai Gwaggo ta ce, "Ya ce ya ji. Ya ce ku yi shiru, wai yana so ya saurare ta."

Kuku ta jera kwanukan safe a ciki, ta zuba sabulu, ta rufe. Na mayar da murfin ƙasa da sauri na ɗaura sukurori, sannan na manna wayar a jikin ƙofar na riƙe. Mu huɗu muka tsaya a kicin ɗin ba mai motsi, ruwa yana zagawa a ciki, ga hayaniyar baƙi ta fara tashi daga waje.

Bayan kamar minti biyu Gwaggo ta ce a hankali, "Taho yanzu."

Ban san yadda na hau benen ba. Yana zaune a gado jingine da matasansa uku, taga a buɗe, wayar tana kan kafaɗarsa har yanzu. Ya rame fiye da yadda na gan shi jiya. Na tsaya a bakin ƙofa da jakar a hannu.

"In shigo?"

Ya ɗaga yatsa ɗaya. Na shiga na durƙusa a gefen gadon. Ya lalubo hannuna mai tsumma, ya taɓa wurin ciwon.

"Filaya?" ya ce, da ƙyar.

"Filaya."

"Takarda?"

"A bushe ƙarau."

Ya lumshe ido. Na ɗauka ya yi barci, sai ya ce, "Sukurori... nawa suka rage?"

"Ko ɗaya, Baba."

Gefen bakinsa ya motsa. Na ce, "Baba, maganar nan da na yi a matakala..."

"'Yar nan," ya ce, "miƙo min ruwa."

Na ba shi a cokali, ya sha biyu. Bai sake magana da ni ba. Gwaggo ta zauna ta ɗaya gefen tana riƙe da shi tana yi masa addu'a a kunne, ni kuma ina gyara matasan duk lokacin da ya zame. Wajen ƙarfe huɗu, rana ta sauko kan bargon, numfashin nan mai jan buhu ya yi ta nisa da juna, har aka yi wanda babu na bayansa. Ɗansa ya iso bayan minti arba'in.

Sai da aka kwana uku na ɗauko rigar da na yi aikin da ita zan wanke. Na zura hannu a aljihu, wani abu ya soke ni. Sukuru ne, mai tsatsar nan, na huɗu. Na zauna a bakin baho na yi kukan da ban yi ba a gaban mutane.

Da na gama na wanke fuska, na ƙwanƙwasa ƙofar Gwaggo na ce ta ara min jakar.

"Ara kuma?" ta ce. "Ni me zan yi da filaya?" Ta ciro ta daga ƙusar bayan ƙofa ta rataya min a kafaɗa.

Na tarar da Kuku ita kaɗai a kicin, Tsohuwa tana cikin wanki. Ta yi min gaisuwa, ta ce Manaja ya ce in na zo in duba firjin baya, kuma mai shagon kusa ma yana cigiyata. Na ce to, bari in gama wannan tukuna.

Na durƙusa, na goge tsatsar sukurun, na sa shi a raminsa na ɗaure. Doguwar sukurudirebar tana hannuna. Ƙotarta ta katako ce, gefe ɗaya ya sha shafa har ya yi santsi ya yi duhu. Na waiga, Kuku ta juya baya tana yanka albasa. Na ɗora bakin a jikin ƙofar, na manna gefen mai santsin a kunnena, na rufe ido.

Da farko hayaniya ce kawai. Can na fara rarrabe su: famfo a ƙasa, hannun sama yana juyawa, da wani cokali guda da yake taɓa gefen kofi duk zagaye.